Ƙananan cocin Methodist a arewacin Kaduna: Matasa na tsallake gada, wa zai riƙe ƙofa?

Ranar Lahadi da safe, wani ɓangare na masu sujada a tsofaffin cocin da ke arewacin Kogin Kaduna sai sun tsallako gada kafin su iso. Gidajensu na Sabon Tasha, Narayi, Barnawa, Romi ko Gonin Gora, amma cocin da aka ɗaura wa iyayensu aure, aka yi musu baftisma, yana nan inda yake tun kafin garin ya rabu biyu.

Ƙananan ikilisiyoyin Methodist na cikin waɗanda wannan hali ya fi shafa. Iyaye na jure wa tafiyar saboda sabo da amana. 'Ya'yansu kuwa ba su ga dalilin biyan kuɗin mota sau biyu ba, alhali ga coci cike da tsararrakinsu a bakin layinsu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lissafin ya ƙara tsananta ga magidanci mai iyali biyar ko shida.

Ikilisiyar da ta tsaya kallo za ta wayi gari da gini da benci da tsofaffi kaɗan. Mafitar da ta fi kusa da ita tana cikin tarihinta, kuma tana cikin unguwar da ginin yake.

Yadda aka zo nan

Ɗarikar Methodist ta samo asali ne a Ingila a ƙarni na 18, ƙarƙashin John Wesley. Ta shigo ƙasar nan ta Badagry a watan Satumban 1842 ta hannun Thomas Birch Freeman, kuma Cocin Methodist na Najeriya ya samu cin gashin kansa daga na Birtaniya a 1962.

A Kaduna, wadda ta zama hedikwatar Arewa a 1917 bayan an baro Zungeru, mabiya ɗarikar sun biyo layin dogo da aikin gwamnati da kasuwanci. Akwai Yarabawa da Ibo da Idoma da sauransu. Sun gina wuraren ibadarsu kusa da inda suke zaune a lokacin, cikin tsohon gari, maƙwabtansu Musulmi.

Rikicin Shari'a na watannin Fabrairu da Mayun 2000, da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, da na bayan zaɓen 2011, su suka sake zanen taswirar garin. Kiristoci da yawa sun koma kudancin kogi, Musulmi da yawa sun baro kudu sun dawo arewa. Mutane sun tashi, gine-gine sun zauna. Harin bam da aka kai cocin Katolika na St. Rita a yankin Malali a watan Oktoban 2012 ya sa cocin da suka rage suka ƙara tsawon katanga, suka sa shinge da masu bincike a ƙofa.

Babu mai hankalin da zai zarge su. Sai dai katangar ta haifar da wani abu: yaron da aka haifa a layin bayan 2002 ya girma bai san kowa a cikin ginin ba, yaron cocin ma bai san sunan mai shagon da ke kallon ƙofarsu ba. Wanda ba a sani ba kuwa, shi jita-jita ta fi saurin kamawa ranar da gari ya rikice.

Darasin aji

Ƙaramin coci ba zai iya gasa da manyan majami'un zamani wajen kayan kiɗa da fitilu da taron dubbai ba, kuma ɓata lokaci ne ya gwada. Ƙarfinsa na wani wuri.

A 1742 a birnin Bristol, mabiyan Wesley na fama da bashin ginin ɗakin taronsu. Sai aka raba su rukuni-rukuni na mutum kusan 12, kowane rukuni da jagora, kowa na ba da kwabo ɗaya a mako. Jagoran da ke zagayawa karɓar kwabon sai ya riƙa ganin wanda ba shi da lafiya, da wanda ya rasa aiki, da wanda giya ta fara ci. Daga nan tsarin aji ya zama ƙashin bayan ɗarikar. A cikin shekarun nan ne kuma Wesley ya buɗe wurin ba talakawa magani kyauta a Landan, ya kafa asusun ba masu ƙananan sana'o'i rance.

Wannan tsari bai buƙatar jama'a da yawa. Ikilisiya mai matasa 20 za ta iya yin aji biyu, kowanne da babba guda da ya san inda kowane yaro yake kwana, ko ya ci jarrabawar JAMB, ko ya bar wurin koyon aiki, da su wa yake yawo. Tun da yawancinsu a kudu suke zaune, ajin ya riƙa haɗuwa a gidajen mambobi a can a tsakiyar mako, a haɗu gaba ɗaya a coci ranar Lahadi. A cikin taron mutum dubu uku matashi zai iya ɓacewa wata uku ba a lura ba. A ajin mutum goma, mako ɗaya ya isa a kira wayarsa.

Haka kuma matasa na zama inda aka ba su aiki na gaske. Wanda aikinsa a coci bai wuce jera kujeru da buga ganga ba har ya kai shekara 30, zai tafi inda za a damƙa masa wani abu. A sa su cikin kwamitin kuɗi, a ba su lissafin baiko su koya, a bar ƙungiyoyin Boys' Brigade da Girls' Brigade su tsara shirinsu da kansu, dattawa na duba su daga gefe.

Daga Litinin zuwa Asabar

Ban da nazarin Littafi Mai Tsarki da koyon waƙa, ginin ƙaramin coci kusan a rufe yake yawancin mako. Ga ɗaki, ga benci, ga allo, wani lokaci ga rijiyar burtsatse da janareto. A wajen katanga kuma ga matasan da matsalarsu ɗaya da ta 'ya'yan cocin.

Tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe a shekarun 2000, garin bai samu abin da ya maye gurbinsu wajen ɗaukar ma'aikata ba. Ƙwaya da sara-suka ba sa tambayar addinin yaro. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma duk uwar da ke Kawo ko Television ta san ba a nan maganar ta ƙare ba.

Abin da ƙaramin coci zai iya bai da yawa, amma yana da amfani: lesin na lissafi da Turanci ga masu shirin WAEC da NECO, wanda ɗaliban Kaduna Polytechnic ko KASU na cikin ikilisiyar za su koyar, famfo a waje da katanga don maƙwabta su ɗiba, ranar auna hawan jini da sukari idan akwai ma'aikaciyar jinya cikin mambobi, haɗa yaro da maigidan da zai koya masa walda ko gyaran mota a Panteka. 'Ya'yan cocin da aka haifa a Kaduna suna jin Hausa kamar kowa, don haka su ya kamata su tsaya a gaba.

Maganar zargi

Uba Musulmi zai tambaya: shin lesin ne, ko hanyar juya masa tunanin yaro? Tambayar na bisa hanya, kuma amsarta ba ta da wuya idan niyya ta gaskiya ce. Kafin a fara komai, fasto da dattawan coci su je wurin mai unguwa da limamin masallacin layin, su faɗi abin da za a koyar da lokacin da za a tashi. A raba lokacin wa'azi da lokacin lesin, kada a cakuɗa. A tashi idan an kira Sallah. Iyaye su shigo su gani duk lokacin da suka so. Idan unguwa ta fi natsuwa da a yi karatun a ajin firamaren gwamnati, sai a kai shi can, malaman dai su ne.

Cocin da ya ɓoye wa'azi a bayan taimako zai rasa amanar da ba zai sake samu ba. Wanda ya yi taimakon a fili, halinsa ya ishe shi shaida.

Akwai kuma masu cewa tsaro bai bari ba. Shinge da bincike su ci gaba ranar Lahadi. Amma a rikice-rikicen Kaduna an ga Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci, an ga Kiristocin da suka ɓoye Musulmi, kuma kusan kullum sanayya ce ta jawo hakan. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa zama abokan gaba kafin su fara aikin sulhu tare a 1995, sun nuna cewa a garin nan ma ana iyawa.

Nauyin bai tsaya kan coci kaɗai ba. Masu unguwa da limamai da matasan layi su ma suna da rabonsu: su amsa gayyata, su kai gaisuwar rasuwa, su tsawata wa yaron da ya jefi rufin coci. Kuma abin da ake nema wa ƙaramin coci a Unguwar Rimi ko Kabala, shi ake nema wa ƙaramin masallaci a Sabon Tasha ko Kakuri.

Shugabannin Methodist a Kaduna na da zaɓi. Za su iya barin waɗannan ikilisiyoyi su ƙare a hankali, a sayar da filin a gina shaguna. Za su kuma iya ware ɗan kuɗin mota ga matasan da ke tsallako gada, su horar da jagororin aji, su tura fastocin da ke jin Hausa. Duk cocin da aka rufe a arewa, da duk masallacin da aka rufe a kudu, na rage wa mutanen ɓangarorin biyu dalili ɗaya na hawa gadar nan su ga juna. Zumunci a ƙafa yake, kuma masu ƙafar tafiya a yanzu matasa ne.