Injinan korona da cutar fumfuna

Idan numfashi ya yi wa mai cutar ƙanjamau wuya, tarin fuka ake fara zargi. Amma akwai ƙwayar fumfuna, Pneumocystis jirovecii, da ke cika huhun wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kuma ba ta tsirowa a ɗakin gwajin asibiti ko da an shekara ana jira. Ita kuwa Candida, idan ta shiga jini, tsohuwar hanyar renon jini a kwalba kusan rabin masu ita kawai take ganowa, shi ma bayan kwanaki. Wani majinyacin ba ya kai ranar da sakamakon zai fito.

Gwajin PCR ba ya jiran tsiro. Guntun DNA na ƙwayar yake nema, ya ninka shi sau miliyoyi, ya ba da amsa cikin sa'o'i. Irin injinan da aka baza a jihohin Najeriya a 2020 saboda korona ke nan, har da horar da ma'aikata. Ya kamata ma'aikatun lafiya su sayo musu sinadaran gwajin fumfuna, ko da a asibitocin koyarwa ne kawai, tun da a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa nau'o'i 19 da suka zama barazana.

Gwajin yana da aibinsa: tsada, da kaifin da ya wuce kima. Pneumocystis kan zauna a huhu ba tare da ta haddasa ciwo ba, don haka dole likita ya haɗa sakamakon da hoton ƙirji da halin majinyaci kafin ya rubuta magani.