Sa Hannun Taurari da Sa Hannun Malamai: Wanne Muke Adanawa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wata ɗabi'a tana yaɗuwa a tsakanin matasanmu na Mabera da sauran unguwannin Sakkwato, wato tara sa hannun fitattun mutane. Wani ya ajiye rigar ƙwallo da yake cewa Ahmed Musa ya rattaba mata hannu, wata kuma ta tanadi littafi don jaruman Kannywood da mawaƙa. Wanda bai samu sa hannu ba sai ya nemi hoto da tauraron ya ɗora a Facebook. Iyaye kuwa suna tambaya: mene ne matsayin wannan a Musulunci?

Amsa ta gaskiya ita ce, asalin al'adu halacci ne matuƙar ba su ci karo da nassi ba. Tawada a kan takarda ba ta zama haram don kawai hannun sananne ne ya zuba ta. Bai kamata uba ya yayyaga littafin ɗansa yana kiran abin kafirci ba, domin haramta halal ma laifi ne babba. Sai dai halaccin yana da iyakoki uku.

Na farko, kada a ƙudurce cewa akwai albarka ko sa'a a cikin rubutun. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu, wato Wadda da Suwa'u da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra, asalinsu sunayen salihan bayi ne da aka kafa wa alamomin tunawa. Da zamani ya ja, ilimi ya gushe, sai aka bauta musu. Idan wuce gona da iri a kan salihai ya kai ga haka, ina ga wanda shahararsa kawai muka sani?

Na biyu, kada hanyar samunsa ta zama saɓo. Yarinyar da ke kutsawa cikin turmutsitsin maza, da saurayin da La'asar da Magariba suka wuce shi yana dakon tauraro a ƙofar otal, sun biya farashin da ya fi ƙarfin abin da suka samo.

Na uku, kada a yi almubazzaranci ko a faɗa ciniki na garari. Sa hannun da ake tallatawa a intanet abu ne mai sauƙin ƙirƙira, mai saye kuwa ba shi da hanyar tantancewa.

Amma abin da ya fi damuna ya wuce hukunci. Mu Sakkwatawa magada ne ga al'ummar da ta san darajar sa hannu. Manzon Allah (SAW) ya riƙi zoben azurfa yana hatimce wasiƙunsa zuwa ga sarakuna irin su Hiraƙla da Kisra, kuma halifofi suka riƙe zoben bayansa har ya faɗa rijiyar Arisa a zamanin Sayyidina Usmanu. Hatimin shaida ne cewa maganar tasa ce. Haka malamanmu suka gaji ijaza: ɗalibi ya durƙusa shekaru yana karatu, sannan malami ya rubuta masa izini da hannunsa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya karɓi ijaza daga Malam Jibrilu ɗan Umaru, kuma ya tattara isnadinsa a Asanidul Faƙir. Ƙanensa Malam Abdullahin Gwandu ya jera malamansa a Ida'un Nusukh. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya ƙarar da rayuwarsa yana tattara rubuce-rubucen hannun magabata, har aka sa wa hukumar tarihi da al'adu ta jiharmu sunansa.

Ga bambancin: ijaza tana shaida abin da ɗalibi ya zama, sa hannun tauraro kuwa yana shaida cewa kun taɓa tsayawa wuri guda na minti ɗaya. Shi ya manta da kai kafin tawadar ta bushe. Wannan gargaɗi ya shafi masu rububin hoto da malamai su ma. Tsayawa kusa da malami ba karatu ba ne.

Shawarata ga iyaye ita ce, ku zauna da yaron ku buɗe littafin tare, ku tambaye shi abin da ya burge shi game da kowane suna. In ya ce taimakon mabuƙata ne ko jajircewa a kan sana'a, ku ƙarfafa shi ya kwaikwaya. In bai da amsa, to kun gano inda tarbiyya take buƙatar gyara. Ku kai shi ya ga rubutun hannun magabata da idonsa.

Ku kuma ɗalibai, hadisi ingantacce ya sanar da mu cewa za a haɗa kowa da wanda ya so. Don haka ku duba sunayen da kuka tara da idon basira, ku kuma yi himmar samun sa hannun malamin da zai shaida kun sauke Alƙur'ani ko kun kammala Risala a gabansa.

Allah Ya sanya mu cikin masu son bayinSa nagari, Ya tashe mu tare da su. Wallahu a'alam.