ƊAKIN GIRKI: Biriyam, Girkin Girkawa Da Ba Ya Neman Nama



Kwanan baya muna fitowa daga Islamiyya, wata ɗalibata matar aure ta ja ni gefe ta ce, "Malama, duk ranar da babu nama a tukunya, kunyar ajiye wa maigida abinci nake ji." Maganar ta tsaya mini a rai, domin da yawanmu haka muke, musamman idan wata ya yi nisa. Shi ya sa yau na ɗauko miki girki daga ƙasar Girka.

Sunansa biriyam, kada ki haɗa shi da shinkafar biriyani. Yana cikin abincin da Girkawa ke kira "ladera", wato girkin mai, domin da man zaitun ake dafa shi. Kiristocin ƙasar kan ƙaurace wa nama na makonni kafin bikin Ista, don haka matansu suka gwanance wajen fito da ɗanɗanon kayan lambu.

Kayan haɗi:
Dankalin Turawa 5
Babban yalo mai launin shunayya 1
Zukini 2 (ɗan'uwan kabewa ne, mai kama da kokwamba, in babu, ki sa kabewa)
Albasa 2
Tumatir nunanne 6
Tafarnuwa ƙwaya 4
Man zaitun rabin kofi
Gishiri, masoro, da busasshen ganyen oregano ko tayim

Yadda za ki yi:
Ki fere dankalin ki yanka shi fale-fale. Yalo da zukini su ɗan fi shi kauri, saboda sun fi saurin nuna. Ki barbaɗa wa yalon gishiri, bayan minti 20 ki ɗauraye. Ki markaɗa tumatir 4, ki yanka 2. Sai ki haɗa kayan duka a roba da mai da kayan ƙanshi, ki cuɗa da hannu har mai ya shiga ko'ina. Ki juye a farantin gashi, ki zuba markaɗen tumatirin, ki jera yankakken a sama.

Ki rufe, ki sa a obin mai zafin digiri 190 na minti 45. Sannan ki buɗe, ki bar shi wasu minti 45, har ruwan ya tsotse, gefe-gefen ya yi ja. In ba ki da obin, ki yi dabarar da muke gasa kek: yashi a babbar tukunya, garwashi sama da ƙasa.

Abu biyu ke ɓata shi, uwargida: gaggawa da ƙara ruwa. Kayan lambun za su fitar da nasu ruwan, kuma daɗewa a wuta ce ke sa albasa da tumatir su yi zaƙi. In man zaitun ya yi tsada, man gyaɗa zai yi, sai dai ƙanshin zai bambanta.

Girkawa da yawa ba sa cin sa da zafi. Sukan bar shi ya huce, su haɗa da burodi da cukunsu mai gishiri da ake kira feta. Ni da farar shinkafa nake ba yarana, har ƙanzon suke rigima a kai.

Ɗalibar tawa ta gwada. Ta ce maigidan sai da ya side faranti kafin ya tambaya, "Wai yau babu nama ne?"

A ci lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.