Bindiga Ba Ta Raba Gardamar Manomi da Naman Daji

'Yan'uwa ɗalibai, duk lokacin da naman daji ya yi ɓarna a gona, abin da muka saba shi ne a kira maharba. A ganina wannan magani yana ƙarar da dabbobi ne kawai, ya bar manomi da hasararsa.

Mu dubi maƙwabciyarmu Nijar. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, nan ne raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka yi saura. A 1996 guda 49 kacal aka ƙirga. Suna cin wake da mangwaron manoma, don haka ba su da masoya. Hukuma ta tsananta hana farautarsu, ƙungiyoyin kare dabbobi kuma suka bi ƙauyuka suna haƙa rijiyoyi, suna ba da rancen jari, samarin wurin suka zama jagororin baƙi masu zuwa kallo. Da talaka ya ga amfani, sai ya zama mai gadinsu. Yawansu ya haura 600, har a 2018 aka kwashi takwas zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi.

Haka mutanen garin Churchill na Kanada suka yi da farin beyar, dabbar ƙanƙara mai iya kashe mutum, wadda kan ratso garinsu kafin teku ya daskare. Wanda ya gan ta sai ya buga waya, ma'aikata su kore ta da ƙarar tsoratarwa. Mai taurin kai akan tsare ta na ɗan lokaci, sa'an nan a sake ta nesa da gari.

Wani zai ce kuɗin baƙi ba abin dogara ba ne. Gaskiyarsa, domin harin 'yan bindiga a Kure a 2020 ya tsorata masu zuwa. Shi ya sa ya wajaba gwamnati ta riƙa biyan diyyar ɓarnar gona, kada a bar manomi yana ciyar da dabbar ƙasa daga rumbunsa.

Dattawan Kara da sauran ƙauyukan Gwarzo da Kabo suna ba da labarin kukan kura da dare. Yau gonaki sun cinye jeji. Abin da ya rage a Falgore da Yankari ba zai tsira ba sai an sa mazauna gefen daji a gaba. Mu da muke karatun noma da gandun daji, wannan aikinmu ne. Allah ya ba mu iko.