Tsohon Doki Sai Mai Shi, In Ji Wa?

Wanda yake son ya san gaskiyar abin da ke tsakaninmu da doki, ya bari sai washegarin hawan Sallah, da sassafe, ya zagaya bayan gida inda turke yake. Jiya an sha kallo, an ga jalala tana walƙiya, an ji algaita, matasa sun yi zamiya a ƙofar fada har ƙura ta rufe mutane. Yau an sauke sirdi. Ga gadon baya ya sale ƙuda na bi, ga gefen baki linzami ya tsaga, ga ƙafar gaba ta kumbura dokin yana ɗaga ta yana saukewa. Mai dokin yana ɗaki yana tura hotunan jiya a waya. Yaron barga ne kaɗai a wurin, da gwangwanin baƙin mai a hannu yana shafa wa mikin.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta a Gusau, na ji ta a Tsafe, na ji ta a Bungudu. Za a ce mu mun gaji doki kaka da kakanni, babu mai koya mana riƙonsa. Za a ce dokinmu ba irin na Turawa ba ne mai son jiki, shi wahala ce abincinsa. Za a nuna mini kayan adon da aka kashe wa dukiya a ce, wanda ba ya son dokinsa zai yi masa wannan? Wannan magana ta zauna a zukatan mutane har ta zama kamar karatu, kuma ita nake so in taɓa, don ita ce ke kashe mana dawaki.

Gadon dai akwai shi, ban musa ba. Wannan ƙasa ta 'Yandoto, wadda ta yi suna da malamai tun kafin jihadi, wadda tarihin baka ya ce daga cikinta Korau ya fito ya je ya ci sarautar Katsina, ta san kofato. Gusau da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa ta tashi a zamanin da ran mutum yake rataye a ƙafar dokinsa. Sarautunmu ma shaida ne: Madawaki, Ubandawaki, Sarkin Dawaki, Shamaki mai kula da bargar sarki. Maƙwabtanmu Katsinawa sun kai abin har filin folo, daga Sarki Muhammadu Dikko zuwa ɗansa Usman Nagogo wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, aka san shi da iya wasan har wajen Nijeriya. A ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali.

Sai dai a tambayi abin da ya sa mutanen dā suke riƙe doki da kyau. Barden da zai fita yaƙi ya san in dokinsa ya sare a tsakiyar fage, gawarsa za a ɗauko. Saboda haka kullum sai an yi kilisa, kullum sai an duba kofato, an san lokacin dawa, an san lokacin harawa, an san ranar da za a ba da kanwa. Yau babu wanda ransa ya dogara ga doki. Muna buƙatarsa kwana biyu ko uku a ƙaramar Sallah, haka a babba, sai in an yi naɗin sarauta ko hawan angwanci. Rawani da sirdi sun iso hannunmu lafiya lau. Aikin kullum da ke bayansu ne ya zube a hanya, kuma ba mu yarda ya zube ba.

Dubi yadda ake shirya dokin Sallah a gidaje da yawa. Wata da watanni yana tsaye a turke da dabaibayi, ba ya zuwa ko'ina. Sallah saura mako biyu sai a tashi a yi ta ɗura masa dawa da dusa wai ya yi ƙiba ya yi ƙarfi. Cikin doki ƙarami ne, ba ya amai, kuma an halicce shi ne ya yini yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. Hatsi mai yawa a lokaci ɗaya shi ne ke kawo murɗawar cikin da ke kayar da doki cikin dare guda, shi ne kuma ke kawo zafin kofato da ke gurgunta shi har abada. Daga nan a ɗora masa kaya masu nauyi, a ɗora ƙato, a fita da shi tun hantsi. Ga shi a 'yan shekarun nan Sallah tana faɗowa cikin bazara, lokacin da zafin Gusau ke haura digiri 40, alhali doki ko a inuwa yana shan lita 30 ta ruwa ko fiye a rana.

Abin mamaki, ba sai mun je Turai neman wannan darasi ba. Yana cikin littattafan hadisin da malamanmu ke karantarwa a zaure. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawaki a Madina, amma ya raba su. Waɗanda aka horar aka shirya jikinsu sun taso daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, tafiyar mil biyar ko shida. Waɗanda ba a horar ba aka ba su kamar mil ɗaya kawai, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Mu kuwa dokin da ya shekara a turke muke sa wa ƙaimi ya yi sukuwa a kan kwalta.

Batun horo ma haka. Duƙushi ɗan shekara biyu an riga an ɗora masa sirdi, alhali ƙasusuwan gadon bayan doki ba su gama ƙwari sai ya kai shekara biyar zuwa shida. Ana sa masa linzami mai zobe da harshen ƙarfe, wanda in an ja shi yake matse haɓa ya daki ganɗa, sai a ce doki ya ji hannu. Tsoro ya ji. Zamiyar da ke sa 'yan kallo ihu, a ƙwaurin dokin da bakinsa ake biyan kuɗinta.

Akwai wata gasa a ƙasashen waje da ta fi kowace kama da aikin barde, don daga horon sojan doki aka samo ta. Doki ɗaya da mahayi ɗaya suke yin gwaji uku. Da farko a ga ladabin doki da takunsa a fili. Sannan a sake su cikin daji su yi gudun da a manyan gasanni yake haura kilomita shida, suna tsallake gungume da rami da ruwa sau arba'in ko fiye. A ƙarshe su tsallake shingayen sanda a fage. Tana cikin wasannin Olamfik tun 1912, kuma gasar Badminton ta Ingila, wadda aka fara a 1949, tana cikin mafi wuya. Ba a barin doki ya shiga wannan mataki sai ya kai shekara takwas.

Ni abu ɗaya ne ya fi burge ni a cikinta, kuma ba tsalle-tsallen ba ne. Kafin a fara, ana fito da kowane doki tsirara, ba sirdi ba ado, mahayin ya ja shi da hannu ya yi ɗan gudu a kan ƙasa mai tauri a gaban alƙalai da likitan dabbobi. Bayan gudun daji, kafin gwajin ƙarshe, a sake yin haka. In an ga ɗingishi, an fitar da dokin ke nan, ko da mahayin ne ke kan gaba, ko da ɗan sarauniya ne. Wato akwai wani mutum da ba mai dokin ba, wanda aka ba shi ikon ya ce a'a a madadin dabbar da ba ta da baki. A wurinmu wa ke da wannan iko? Yaron barga ya ga kumburin tun shekaranjiya, amma yaya zai dubi ubangidansa ana gobe Sallah ya ce, ranka ya daɗe, kada a hau Kili bana? Jalala kuwa aikinta ke nan, ta rufe abin da ba a son a gani.

Kada a ce na mai da Turawa waliyyai. A Olamfik ɗin Tokyo a 2021 wani dokin Suwizalan mai suna Jet Set ya ji mummunan rauni a jijiyar ƙafa wajen gudun daji, dole aka kashe shi. Kuɗi da son suna suna sa su zaluntar dawaki kamar kowa. Bambancin shi ne in abin ya faru ana rubuta shi, a bincika, a sauya ƙirar shinge, a hukunta mahayi. Mu in doki ya faɗi a filin sukuwa, sai a ce kwanansa ne ya ƙare, a ja shi gefe a ci gaba da kiɗa.

Idan rauni ya samu, sai ka ga inda gadon namu ya tsaya. A sa ƙarfe a wuta a yi wa ƙwauri lalas. A shafa baƙin man inji a miki. A je kemis a sayo allurar kashe zafi a danna masa, kwana uku ya daina ɗingishi a ce ya warke, a hau. Jijiyar ƙafar doki in ta yage tana son wata tara zuwa shekara guda, a fara da hutu, sannan tafiya a hannu, sannan a ƙara kaɗan-kaɗan. Allurar zafi ba ta ɗinke jijiya, sai dai ta hana dokin faɗin abin da ke damunsa. Muna da makarantun likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, yaranmu na Zamfara suna fita daga cikinsu da takardu. Sai ka ga mutum ya kira tela ya auna kayan doki tun watan Sha'aban, amma bai taɓa kiran likita ya duba haƙoran dokin ba, balle rigakafi.

Sai kuma tsufa, inda karin maganarmu ta fi kunyata mu. Muna cewa tsohon doki sai mai shi. To ina suke? Doki yana iya kai shekara 25 zuwa 30. A zagaya bargogin garuruwan nan uku, Gusau da Tsafe da Bungudu, a ƙirga dawakin da suka haura ashirin suna cin harawa ba aikin komai. Wani doki mai suna Charisma, wanda Mark Todd na ƙasar Niyuzilan ya ci zinare da shi a Olamfik a 1984 da 1988, ya ƙare kwanakinsa a gonar mahayinsa, ya mutu a 2003 yana da shekara 30. (Shi kansa Todd ɗin an dakatar da shi na ɗan lokaci a 2022 bayan an ga hotonsa yana dukan wani doki da reshe, ka ga sunansa bai hana a taɓa shi ba.) Namu kuwa hanyarsu a sane take. Daga bargar mai sarauta zuwa hannun mai haya, yara su yi ta kilisa da shi a titi ana biyan kuɗin awa. In ya ƙara lalacewa, dillali ya zo da magariba. Mu Malikawa ba mu cin naman doki, sai dai ba mu ƙi kuɗinsa ba: a loda shi a babbar mota kwana da kwanaki zuwa kudu, irin kasuwar Obollo-Afor ta jihar Inugu, inda ake yanka dawaki. Mun wanke bakinmu, mun bar wani ya riƙe wuƙar.

Na san za a ce, Malam, a Zamfarar da mutane suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga, inda hanyar Tsafe zuwa Gusau ta zama abin addu'a, kai ta doki kake yi? Wannan magana tana da nauyi, kuma gaskiya ne harawa ta yi tsada tun da noma ya ja baya. Amma talakan da ya gudo daga ƙauye ba shi ne ke ɗaure doki ba. Mai doki a yau mai hali ne. Wanda ya iya sayen ingarma da sirdi da kayan azurfa, ya iya ciyar da makaɗa da zagage ranar hawa, bai isa ya ce damin harawar tsohon dokinsa ne zai talauta shi ba. In kuwa da gaske ba zai iya ba, to tun farko linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, ya yi kallo a ƙasa tare da mu.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin jalala ɗaya ba. Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bungudu, Allah ya ja zamaninsu, kalmarsu ɗaya ta isa. Ana jibi hawa, kowane hakimi ya aiko da dawakinsa ƙofar fada ba sirdi. Shamaki ya tsaya, likitan dabbobi ya tsaya, a ja kowane doki ya yi ɗan gudu. Mai miki a baya, mai ɗingishi, mai tsagaggen baki, ya koma gida, kuma kada a karɓi roƙo ko na wane ne. Shekarar farko za a yi ƙorafi. Shekara ta biyu kowa zai fara kilisa tun watan Rajab don gudun kunya, domin mun fi tsoron kunya a gaban fada fiye da komai.

Akwai wani hurde da na sani tun ina yaro a unguwarmu, wanda in ya fito mata har guɗa suke yi. Bayan shekaru na koma gida na tarar da wani sabon danda a turkensa. Na gaida tsohon da ke kula da bargar, na ce, Baba, ina hurden nan? Ya daɗe yana kakkaɓe komin dusa bai ɗago ba. Can ya ce, "Ɗana, dokin ga shekara goma sha huɗu ina ba shi ruwa da hannuna. Randa munka ga ya fara jan ƙafa, sai anka aike ni kasuwa sayen kanwa. Ko da nid dawo, ragamarshi kaɗai nit tarar rataye ga turke."