Burodin 'Yan Makaranta da Uwar Kuɗi

'Yan'uwa manoma, a makarantu da dama 'yan makaranta sukan haɗa kai su gasa burodi, su soya cincin da fanke, su sayar, kuɗin kuma su kai wa marayu ko marasa lafiya. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Amma sau da yawa ba ya daɗewa, kuma abin da ke kashe shi, shi ne ke kashe ƙungiyoyinmu na gama kai.

Yaran sukan ƙirga dukan abin da ya shigo ranar ciniki, su ce riba ce, su bayar duka. A ce Naira 100 ta shigo, 80 a ciki kuɗin fulawa ne da sukari da yis da mai. Naira 20 kaɗai ce tasu ta bayarwa. In suka ba da 100 ɗin, marayu sun ci yau, amma mako mai zuwa babu gashi. Wane manomi ne zai kyautar da irin shukarsa don tausayi? Ni a ganina malamin da ya hana yara taɓa uwar kuɗi ya fi taimakon marayun, ko da za a ce masa marowaci.

Akwai kuma wata asara da ba a ganinta da wuri. Buhun fari wani uba ne ya bayar, itace na makaranta ne, tanderu ma aro ne. Da yake ba a biya ba, ba a sa su cikin lissafi ba, sai a yanka wa burodi farashi mai araha. Ran da kyauta ta ƙare aka je kasuwa da kuɗi a hannu, sai a tarar ashe tun farko faɗuwa ake yi. Haka ƙungiya takan samu injin niƙa kyauta, ta yi ta raba kuɗin niƙa, ba ta ajiye na gyara ba. Kome aka ba ku, ku rubuta kuɗinsa kamar kun saya.

Fulawa kuwa ba ta da amana, domin yawancin alkamar da ake niƙawa a Nijeriya daga waje take zuwa. A 1987 gwamnati ta hana shigo da ita, burodi ya yi tsada, sai a 1992 aka janye dokar. A 2023 darajar Naira ta faɗi, farashin buhu ya sake tashi. Don haka duk ran da aka sayo sabon buhu, a zauna a sake lissafi. In ya gagara, ga shinkafa da wake da gyaɗa a rumbunanmu. Masa da ƙosai da ƙuli-ƙuli ba su jiran jirgin ruwa, ƙungiya kuma ta sami mai sayen amfaninta a gida.

Zancen bashi gajere ne. Malamai sukan ɗauki burodi sai ƙarshen wata, yaro kuwa ba ya iya bin malaminsa bashi. A kafa doka tun farko, shugaban makaranta ya fara binta.

Saura littafin lissafi. 'Yan ajin ƙarshe za su tafi da duk abin da suka sani. Ma'ajin ƙungiyarku ya ba yaran sa'a guda a wata, ya duba littafinsu tare da su, ya kuma tabbata akwai ɗan ƙaramin aji zaune kusa da mai rubutu.