Dutse a Ƙarƙashin Taya: Matsalar Birkin Hannu a Sharaɗa, Challawa da Bompai

Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta layukan masana'antu na Sharaɗa da hantsi, ko ya tsaya a bakin ƙofar wani kamfani a Challawa ko Bompai, zai ga abin da ido ya saba da shi har ya daina lura. Tirela za ta tsaya, kafin direba ya kashe inji yaron mota ya diro, ya rarumo dutse ko guntun bulo ya cusa ƙarƙashin taya. Wannan shi ne waigi, kuma ba mai tambayar dalilinsa. Sai dai dutsen nan shaida ce a kan cewa direba da yaronsa, waɗanda suka fi kowa sanin motar, ba su amince da birkin hannunta ba. A bayan motar kuwa akwai 'yan dako da buhu a ka, a gefenta mai sayar da abinci, a ƙarƙashinta wataƙila wani ya shimfiɗa tabarma yana gudun rana.

Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne, birkin hannu yana lalacewa ne saboda ba a gwada shi, kuma wurin da ya fi dacewa da gwajin shi ne ƙofar masana'anta, kafin a ɗora wa mota kaya.

Yadda birkin yake aiki

A ƙananan motoci da a-kori-kura, birkin hannu sanda ce da direba yake ja, ta ja wayar ƙarfe da ke tafiya zuwa tayoyin baya. Wayar tana miƙewa da tsufa, tana tsatsa, ƙura da laka suna cushe bututun da take gudana a ciki. Direbobi da yawa sun haƙura da ita, suna barin mota a giya. Masu motar atomatik kuma suna dogara da harafin P, alhali wata 'yar ƙugiya ce a cikin giya, ba a ƙera ta don riƙe mota mai kaya a gangare ba.

Manyan motoci da iska suke aiki. Inji yana juya famfon da ke cika tankuna da iska, idan direba ya taka birki iskar ta tura takalman birki su matse gangar taya. Birkin hannunsu kuwa akasin haka yake. Tukunyar birkin tayoyin baya tana da ɗaki biyu, a ɗaki na biyu akwai sifirin mai tsananin ƙarfi wanda iska take danne shi muddin mota tana tafiya. Da direba ya ja hannu, iskar ta fice, sifirin ya miƙe ya kama taya. Tunanin cewa yankewar iska ta zama sanadin kama birki ya faro ne daga jiragen ƙasa, da ƙirar George Westinghouse ta 1872 a Amurka. A manyan motoci an ƙara da sifirin, domin iska tana yoyo, ƙarfe kuwa ba ya yi.

Tsari ne mai hikima, amma yana da ƙofofi huɗu na lalacewa. Ta farko ita ce saiti. Yayin da takalmin birki yake cinyewa, tazarar da ke tsakaninsa da ganga tana ƙaruwa, sifirin kuma ƙarfinsa raguwa yake yi gwargwadon nisan da ya miƙe. Motar da ba a saita birkinta ba za ta yi ƙarar sakin iska kamar lafiya lau, amma kamun ya yi sanyi. Ta biyu ita ce karyewar sifirin saboda tsatsa, abin da ba a gani daga waje. Ruwan damina da ke kwanciya a ramukan titi, da ruwan majema mai gishiri da ake samu a magudanan Challawa da Sharaɗa, duk abokan gāban ƙarfe ne. Ta uku ita ce ƙusar ɗaure sifirin. Kowace tukunya tana zuwa da ita domin a ɗaure sifirin a janye motar da ta mutu a hanya. Idan robar tukunya ta huje, hanya mafi sauƙi ita ce makaniki ya ɗaure sifirin mota ta ci gaba da tafiya, gyaran wucin gadi kuma ya zama na dindindin. Ta huɗu ita ce sauya tukunya mai ɗaki biyu da mai ɗaki ɗaya saboda araha. Birkin ƙafa zai yi aiki, amma wannan taya ta rabu da birkin hannu har abada.

Abin da ya haɗa waɗannan huɗu shi ne, babu wadda direba zai ji a ƙafarsa yana tuƙi. Birkin ƙafa ana gwada shi sau ɗari a yini, ko an so ko ba a so ba. Birkin hannu kuwa sai ranar da aka buƙace shi ake sanin halinsa.

"Ai Kano shimfiɗaɗɗiya ce"

Hujjar da ake yawan kawowa ita ce Kano ba ta da tudu da gangare, don haka dutse ya wadatar. Lissafi bai goyi bayan wannan magana ba. Kowace harabar lodi da aka yi wa siminti an karkata ta kaɗan domin ruwa ya gudu. Idan karkatar ta kai kashi 2 cikin 100, wato ƙasa ta sauka mita 2 a cikin mita 100, ƙarfin da ke jan tirela mai nauyin tan 40 ya kai nauyin kilo 800, daidai da buhun siminti 16 suna janta ba hutu. Wannan ya isa ya motsa ta a kan daɓe mai santsi. Idan ta motsa da saurin tafiyar ƙafa, kilomita 5 a awa, ƙarfin bugunta ya kai na ƙaramar mota mai tan 1 da ke gudun kilomita 30 da ɗoriya. Ga shi kuma ba ƙarar inji, ba ham, ba direba.

Abin da ya faru a garin Lak-Megantik na lardin Kebek a Kanada ya isa darasi. A daren 5 ga Yuli, 2013, an ajiye jirgin ƙasa mai tankokin ɗanyen mai 72 a wani gangare da bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba. Direban ya ɗaura birkin hannu 7 kacal, ya kuma gwada su alhali birkin iska na kan jirgin yana kame, don haka gwajin ya nuna masa ƙarya. Da gobara ta tashi a injin aka kashe shi, iska ta riƙa zurarewa a hankali har jirgin ya saki. Ya gangara kimanin kilomita 11, ya kife a tsakiyar gari, mutum 47 suka rasu. Gangaren da ido ba ya gani ya wadatar, kuma gwajin da aka yi iska tana taimakawa ba gwaji ba ne.

Irin wannan kuskure yana da ɗan'uwa a harabar kamfani. Idan aka cire kan mota daga bodin tirela aka zare tiyon iska, bodin yakan kama birki da kansa, sai a ɗauka an gama. A tsofaffin bodi marasa sifirin, iskar da ta rage a tanki ce take riƙe da shi, kuma za ta zurare cikin sa'o'i. Haka nan a lokacin haɗawa, direban da ya sauko bai ja birkin kan mota ba, da ya jona jan tiyo birkin bodi zai saki, motar ta tafi yana tsaye tsakanin kai da bodi. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta daɗe tana gargaɗi a kan wannan hatsari.

Ban da haka, motar da aka yi wa lodi a Bompai ba a Kano za ta kwana ba. Za ta tsaya a Tafa, ko ta bi Hawan Kibo, ko tuddan Okene a hanyarta ta kudu. Aibin da shimfiɗar Kano ta rufa wa asiri a can zai tonu, a kan mutanen da ba su san inda aka ɗora kayan ba.

Ma'auni yana nan, mai aunawa ne babu

Ba a rasa ƙa'ida ba. Doka ta 13 ta hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a kanta aka ƙera motocin DAF da MAN da Iveco da ke cike da titunan Kano, ta shar'anta birkin hannu ya riƙe mota cike da kaya a gangaren kashi 18 cikin 100, kuma na kan mota shi kaɗai ya riƙe kai da bodi a gangaren kashi 12. Saboda haka ne sandar birkin da yawa daga cikin waɗannan motoci take da wani matsayi na gwaji, wanda yake sakin birkin bodi na ɗan lokaci domin direba ya ga ko kan zai riƙe. A Amurka ma'aunin kashi 20 ne. Motocin nan sun fito daga masana'anta da wannan ƙarfi, a hannun masu su ya zube.

Hukumomi ma suna nan. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988, wadda tun 2007 take da tsarin tantance kamfanonin da ke da tarin motoci. Akwai jami'an duba lafiyar motoci, akwai KAROTA, akwai hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki. Amma jami'in da ya tsayar da tirela a titin Zariya takardu da taya da fitila zai iya dubawa, ba shi da wuri ko lokacin gwada birkin hannu. Motar da ta gangara a cikin harabar kamfani kuma ba a kan titin gwamnati take ba, don haka ba lallai ta shiga lissafin haɗurran hanya ba.

Mai masana'anta ne yake da abin da jami'in ba shi da shi. Motar a harabarsa take, takan yi sa'o'i tana jiran layi, kuma shi ne mai ba da kaya ko hanawa. Ma'aikatansa ne suke tsayawa a bayanta. Dokar Masana'antu da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 sun riga sun ɗora masa alhakin lafiyarsu.

Abin da ya kamata a yi

Mataki na farko ba ya cin kuɗi. Kafin mota ta shiga wurin lodi, direba ya ja birkin hannu, ya sa ƙaramar giya, ya ɗan gwada tafiya a hankali a gaban mai gadi ko jami'in lodi. Idan ta motsa, ba lodi. Jami'in ya leƙa ya tabbata ba a bar ƙusa a bayan kowace tukunya ba, ya kuma rubuta lambar mota da sakamako. Wannan ba zai wuce minti 5 ba.

Na biyu, kowace unguwar masana'antu ta gina tudun gwaji guda na haɗin gwiwa. Tudu mai tsawon mita 20 da karkatar kashi 12 tsayinsa mita 2.4 ne, aikin ƙasa da siminti. Rassan Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya na Sharaɗa da Challawa da na Bompai za su iya ɗaukar nauyinsa, a riƙa gwada mota da kayanta duk wata shida a ba ta shaida. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023, wadda take maƙwabtaka da Challawa, ta fi ko'ina cancantar fara wannan.

Na uku, a mayar da waigi matsayinsa na mataimaki. A tanadi na katako ko roba mai faɗin taya, guda biyu ga kowace mota, domin bulo yana farfashewa, dutse kuma yana sulɓewa a kan siminti. Direba ya miƙa makulli har a gama lodi.

Na huɗu, kanikawa. Su ne suke ɗaure sifirin, sau da yawa bisa matsin mai mota. Sashen injiniyan injuna na Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano za su iya shirya gajeren horo da Hausa tare da ƙungiyar kanikawa, a kan auna tazarar birki, da zubar da ruwan tankin iska kullum, da haɗarin fasa tukunya da guduma, domin sifirin da ke ciki yana iya hallaka mutum. Ɗalibai kuma su sayo tukwane da wayoyin birki daga kasuwar Ƙofar Ruwa su auna ƙarfinsu, a wallafa sakamako, mai saye ya san abin da yake biya.

Za a ce masu motoci suna fama da tsadar man dizal da kayan gyara, masana'antun Kano kuma da yawa sun rufe, waɗanda suka rage suna fama da wutar lantarki, wannan ƙarin nauyi ne. Kukan gaskiya ne. Za a kuma ce kamfanin da ya kori mota, maƙwabcinsa zai karɓe ta. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa dole matakin ya zama na ƙungiya, da wa'adin wasu watanni kafin a fara mayar da mota. Amma kuɗin tukunya biyu bai kai na taya ɗaya sabuwa ba, balle na katangar da aka rusa, balle ran magidanci.

Kammalawa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Birkin hannu yana cikin abubuwan da ba a sanin sun lalace sai an riga an dogara da su, don haka maganinsa gwaji ne da gangan, a kan lokaci, a wurin da mai gwadawa yake da ikon cewa a'a. A Kano wannan wuri shi ne ƙofar masana'anta. Idan kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai suka amince cewa ba lodi sai birki ya riƙe, masu motoci za su gyara cikin 'yan watanni, domin ba mai son motarsa ta koma gareji ba kaya. Ɗan dako kuma zai shiga bayan mota da buhunsa, ransa bai rataya ga guntun bulon da yaro ya tsinto a bakin kwata ba.